Mawaƙi, Maye da Auren Gyaran Hali

A shekarun 1970, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, aka zaɓi Alhaji Mamman Shata kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya. Waɗanda suka ba shi kujerar sun san ko wane ne. Ɗan Musawa ne da ya bar tallan goro da alewa ya bi kalangu ba da son mahaifinsa ba. Sun kuma san waƙarsa ta "A Sha Ruwa", wadda ko yaro ya gane ba ruwan randa take nufi ba. Babu malamin da zai sa wa wannan waƙa albarka, amma jama'a ba su yar da mai ita ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, da ya rasu a 1999 aka yi masa sutura a Daura.

To, yaya Musulmi zai yi da mutumin da yake ƙauna idan maye ya shiga tsakaninsu?

Haramcin dai ba abin jayayya ba ne. Sai dai Alƙur'ani bai sauko da shi rana ɗaya ba. Suratul Baƙara ta fara nuna cewa cutar giya ta fi amfaninta, Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan Suratul Ma'ida ta rufe ƙofar. Wanda ya halicci ɗan Adam ya san sabo ba ya fita da tsawa. Bukhari kuma ya kawo labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, mai sa Manzon Allah (SAW) dariya, wanda aka sha kawo shi ana yi masa bulala saboda shan giya. Ran nan wani ya gaji ya tsine masa. Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An yi haddi, an hana tsinuwa. A gidaje da yawa yau tsinuwar ce ke riga komai fita daga bakin uba.

Fim ɗin Amurka A Star Is Born na 2018, wanda Bradley Cooper da Lady Gaga suka fito a ciki, ya taɓo ɗaya ɓangaren. Labarin wani shahararren mawaƙi ne da giya da ƙwaya suka ci ƙarfinsa, ya auri yarinya mai murya wadda tauraronta ke hawa nasa yana faɗuwa. Ta so shi iyakar so, ta rufa masa asiri, ta jira shi ya fito daga gidan jinya. A ƙarshe ya kashe kansa. Tun 1937 ake maimaita wannan labari a fim, sau huɗu ke nan, kuma ko sau ɗaya matar ba ta yi nasarar ceto mijin ba.

Wannan ya kamata iyaye a Kankiya da Kusada su tsaya su duba, domin maganin da aka fi saurin kawowa shi ne, "A yi masa aure, zai natsu." Sai a nemo 'yar mutane, sau da yawa 'yar dangi, a ɓoye wa iyayenta gaskiya, a ɗaura. Ita ce za ta riƙa jiran ƙarar babur ƙarfe ɗayan dare, ta ɓoye kuɗin cefane a ƙasan kwalla, ta share kwalaben kodin daga bayan gado kafin surukarta ta shigo. Idan ta kai ƙara a ce ta yi haƙuri, aure ibada ne. Ibada ne, amma ɓoye aibin ango ha'inci ne, kuma amarya ba likita ba ce. Zalunci ne a ɗora mata aikin da ya gagari uwa da uba.

Girman matsalar ya wuce gida ɗaya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi shaye-shaye cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayun shekarar aka hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC. Da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Daura a Oktoban 2019, abin da suka tarar shi ne samari cikin sarƙa, waɗanda iyayensu suka kai da hannunsu, da yawansu saboda ƙwaya.

Kankiya tana da babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya, ga limaman Juma'a a nan da Kusada waɗanda ake jin maganarsu. Limamin da uba ya zo wa da maganar ɗaurin auren ɗansa mashayi yana da ikon cewa a dakata, a fara kai yaron asibiti, a kuma faɗa wa waliyyin yarinya halin da ake ciki kafin a karɓi sadaki.