Auta da Baƙon Mai Shayi

A unguwar Ƙofar Sauri da ke Katsina akwai wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, kowa Auta yake ce masa. Malamin Turanci ya ba su jerin kalmomin nishaɗi da yaɗa labarai, ya ce ranar Litinin akwai gwaji. Auta kuwa Allah ya ba shi kan hadda. Kafin la'asar ɗin Asabar ya zuba su duka a ka, bi da bi, kamar yadda suke a littafi.

Bayan isha'i ya bi kakansa teburin mai shayi. Kakan tsohon malamin firamare ne, ba ya rabo da rediyo. A benci akwai baƙo, ɗan bautar ƙasa daga Anambra, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Aka sako waƙar Shata, kalangu ya tashi, manya suna ta gyaɗa kai. Baƙo ya tambaya da Turanci wane ne wannan.

Mai shayi ya nuna Auta. "Ga ɗan boko nan, yi masa bayani."

Auta ya san "singer" tana cikin jerin, can wajen ƙarshe, amma ba ya iya isa gare ta sai ya faro daga sama. Ya gyara tsayuwa ya fara: "Actor, actress, audience, cartoon..." Baƙo ya saki baki. Bencin ya fashe da dariya.

Yaron da ke wanke kofuna, wanda ɗan Turancinsa a gidan kallon ƙwallo ya tsince shi, ya ce ba tare da ya ɗago ba: "Shata. Big singer. Old song." Baƙo ya gyaɗa kai, ya gane.

A hanyar gida Auta ya cika ya batse. Kakan ya ce, "Abokina, hatsi ka tara a rumbu, yau kuwa tuwo aka nema. Kawo littafin."

Suka zauna a zaure. Tsohon ya ce kowace kalma sai an ba ta mai ita. "Singer" ta zama ta Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999. Da suka zo kan "editor" ya daɗe, don nan ne inda yake so. Ya ba shi labarin Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. "A garin nan ya goge Turancinsa," in ji shi, "kuma bai hana shi rubuta Magana Jari Ce ba." "News" ta tafi ga sashen Hausa na BBC, wanda yake watsa shiri tun 1957. "Channel" da "episode" Auta da kansa ya raba su: ɗaya ga Arewa24, ɗaya ga Daɗin Kowa da yayyensa mata ba sa bari ya wuce su. Kowace sai ya sa ta a jimla, ko gurguwa ce.

Rabin jerin kawai suka iya ci kafin barci ya ɗauke yaron.

Ran Lahadi da dare ya riga kakan isa teburin. Ya zauna kusa da baƙo, ya ce masa Shata mawaƙi ne daga jihar nan, ya rasu tuni, amma har yau gidajen rediyo suna sa waƙoƙinsa. Ya yi tuntuɓe sau da yawa, baƙo yana ɗaga shi. Can ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi wane ne babban mawaƙi a wajensu.

Baƙo ya washe baki. Ya ciro waya ya sa masa waƙar Osita Osadebe, ya shiga bayani da baki da hannu.

Mai shayi ya buga ludayi a tukunya. "Auta, in hira za ku yi ku matsa can, masu sayen shayi suna tsaye."