Waɗanda Suka Kashe Kansu, da Mu da Muka Rage

Ga watan Nuwamba ya kama, watan da Ikkilisiya ta keɓe domin yi wa matattu addu'a. A cikinsa ne iyalai sukan rubuta sunayen nasu da suka riga mu, su kawo a ajiye a gaban bagade. Amma akwai sunayen da hannu yakan yi nauyin rubutawa, watau na waɗanda suka ɗauke ransu da kansu. Akan binne su da gaggawa, a ce zazzaɓi ne ko ciwon ciki, sa'an nan gida ya yi shiru a kan maganar har shekara da shekaru. Wannan shirun ne muke so mu taɓa a yau.

Koyarwar Ikkilisiya a kan wannan al'amari ba ta da duhu. Rai amana ce daga wurin Allah, mu masu riƙo ne, ba masu mallaka ba. Waliyyi Agustin ya bayyana tun a ƙarni na 5 cewa dokar da ta hana kisa ta haɗa har da kashe kai, kuma majalisar bishop-bishop da ta zauna a Braga a shekara ta 561 ta hana a yi wa irin waɗannan matattu jana'izar Ikkilisiya. Wannan hani yana nan cikin kundin dokokin Ikkilisiya na 1917. Amma kundin da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1983 bai sa su cikin waɗanda za a hana jana'iza ba. Katikizim na 1992 kuwa, daga lamba ta 2280 zuwa ta 2283, ya ƙara tabbatar da nauyin laifin, sa'an nan ya ce ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani, da ƙuncin zuciya, da matsanancin tsoron wahala suna iya rage alhakin da ke kan mutum, kuma kada mu fid da rai game da cetonsu, gama Allah yana da hanyoyin da shi kaɗai ya sani. Doka ba ta sāke ba. Abin da ya ƙaru shi ne sanin da muka yi wa ɗan Adam.

To, me ke kai mutum ga wannan? In aka yi tambayar a bakin kasuwa, amsa ba ta wuce uku: sammu ne, ko aljanu, ko rashin bangaskiya. Dukan amsoshin nan suna da abu guda mai daɗi a gare mu, wato suna wanke mu sarai, su bar mamacin shi kaɗai da kayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 700,000 ne suke kashe kansu kowace shekara, kuma a lissafin 2019 fiye da kashi uku cikin huɗu nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Saboda haka mai cewa wannan cutar Turawa ce, bai duba maƙwabtansa ba.

A shekara ta 1897 wani masanin zaman jama'a, Bafaranshe mai suna Emil Durkaim, ya wallafa littafi a kan wannan batu. Bayahude ne, ɗan malamin Yahudawa, kuma ba mai riƙo da ibada ba ne. Ba domin ya kāre wani addini ya yi aikin ba. Ya tattara lissafin mace-mace na ƙasashen Turai, ya lura da wani abin mamaki. Ko da yake kowane mutum shi kaɗai yake yanke shawararsa a ɓoye, yawan masu kashe kansu a kowace ƙasa kusan daidai yake daga shekara zuwa shekara, kuma ya bambanta ƙwarai tsakanin wannan jama'a da waccan. Ya ga magidanta masu 'ya'ya ba su kai gwauraye ba. Ya ga adadin yakan sauka a lokacin yaƙi, sa'ad da mutane suka haɗa kai a kan abu guda. Ya ga kuma a yankunan Katolika adadin bai kai na yankunan Furotesta ba, na Yahudawa kuwa ya fi duka ƙanƙanta. Sai ya ce lalle akwai wani abu a cikin yadda jama'a take riƙe da 'ya'yanta wanda yake tsare su, ko ya sake su.

A nan sai mu yi hattara, kada mu ɗaga kafaɗa mu ce ai ga shi, har masana sun shaide mu. Da farko dai, waɗanda suka bi sawun aikinsa daga baya sun nuna cewa mai yiwuwa ne a garuruwan Katolika ana ɓoye sanadin mutuwa saboda kunya da tsoron a hana jana'iza, abin da mu ma ba baƙo ba ne a gare mu. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, shi Durkaim bai ce koyarwa ce ta tsare su ba, gama dukan ikkilisiyoyin nan sun haramta abin. Cewa ya yi cuɗanya ce: ibada tare, bukukuwa tare, kowa ya san kowa, wanda bai zo ba a nemi dalili. In haka ne, sunan Katolika a katin baftisma ba laya ba ne. Majami'ar da mutum dubu suke cikawa ran Lahadi, su watse ba wanda ya san inda na kusa da shi yake kwana, ta riga ta rasa abin nan da masanin ya gani.

Mu duba namu. Kakanninmu a gandu suka zauna, noma tare, rumbu ɗaya, gayya in aiki ya yi yawa. Wanda matarsa ta rasu ba ya cin tuwo shi kaɗai. Yau saurayi ya bar ƙauye ya tafi Kaduna ko Abuja ko Legas, yana kwana a shago ko a kangon gini, yana tuƙa babur ɗin wani. A waya kullum sai ya ce lafiya lau, domin a gida jiran aike ake yi, ba jiran kuka ba. Ga ɗaliba a jami'a wadda dukan dangi suka haɗa kuɗin makarantarta, ta faɗi jarrabawa, ba ta san bakin da za ta faɗa da shi ba. Ga tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, 'ya'ya sun watse, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa tun ranar da ya bar kujera. Ga kuma iyalan da rikici da 'yan bindiga suka kora daga gonakinsu, suna zaune a azuzuwan makaranta, an raba su da ƙasa da kaburburan iyaye da duk abin da ke gaya wa mutum ko shi wane ne. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da za a ce masa mahaukaci. Igiyoyin da suke ɗaure da su ne suka tsinke ɗaya bayan ɗaya, ba kuwa wanda ya ji ƙarar tsinkewar.

Masanin ya ambaci wani sanadi dabam, watau rikicewar ma'auni, sa'ad da al'amura suka juya farat ɗaya har mutum ya rasa sanin abin da zai sa rai a kai. Abin lura shi ne bai ce talauci kansa ba ne. Ya ga arzikin da ya zo kwatsam ma yana yin wannan ɓarna, domin buri yakan tsere wa linzami. Mun ga irin wannan a Disamba ta 2016, lokacin da MMM ta rufe da kuɗin mutane masu yawa, har da na adashi da na makarantar yara. Mun sāke gani bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sa'ad da albashin da yake kai magidanci ƙarshen wata ya daina kai shi tsakiyarsa. Ƙara da cacar ƙwallo a waya, da masu ba da rance ta waya waɗanda in mutum ya makara sai su aika wa duk wanda ya sani saƙon tozarci. Sau da yawa ba bashin ne ke kisa ba, kunyar ce. Mu kuwa da bakinmu muke ƙara mata wuta, duk sa'ad da muka auna darajar namiji da abin da ya kawo gida, ko muka yi ta kiran sunayen masu manyan baiko ran godiyar kaka alhali mai hannu wofi yana zaune a benci na baya.

Akwai kuma inda riƙon jama'a yakan yi tsanani har ya shaƙe. Durkaim a gefen shafi kawai ya taɓa wannan, amma a ƙasarmu ya isa babi guda: yarinyar da aka yi wa auren dole, da matar da take shan duka, in ta gudo gida a ce ta koma ta yi haƙuri. Haƙuri halin kirki ne, amma wanda aka toshe wa kowace ƙofa sa'an nan aka ce ya yi haƙuri, an zalunce shi sau biyu.

Kada wani ya ɗauka muna cewa jama'a ce kaɗai sanadi. Ciwon baƙin ciki mai tsanani ciwo ne na gaske, kamar hawan jini, yana kama mai addu'a da marar yi, yana kuma da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, kuma a Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma wa zai kai marar lafiya asibiti in ba wanda ya lura da shi?

Littafi Mai Tsarki ya ajiye mana mutum biyu da ya kamata a dube su tare. A Matiyu sura 27, Yahuda ya yi nadama, ya koma Haikali da azurfar nan talatin, ya furta laifinsa a gaban manyan firistoci. Suka nuna masa ba ruwansu. Daga wurinsu ya fita ya rataye kansa. Mu firistoci ya kamata wannan sura ta hana mu barci, gama mutanen ƙarshe da ya yi wa magana ma'aikatan ɗakin Allah ne. A Ayyukan Manzanni sura 16 kuwa, mai gadin kurkukun Filibi ya ga ƙofofi a buɗe, ya zare takobi domin ya san abin da ke jiransa. Bulus bai yi masa wa'azin zunubi ba a wannan lokaci. Murya ya ɗaga ya hana shi, ya sanar da shi cewa dukansu suna nan. Kafin gari ya waye mutumin nan yana wanke musu raunuka, an yi masa baftisma da iyalinsa duka. Haka ma annabi Iliya, da ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa: abinci da ruwa da barci Allah ya fara ba shi, daga baya ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha abokin tafiya.

Saboda haka muna roƙon katikis-katikis, da Zumuntar Mata Katolika, da ƙungiyar matasa, da 'yan ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, kowa ya san mutanen unguwarsa da suna. Wanda aka yi Lahadi uku ba a gan shi ba, a taka a je, gama zumunta a ƙafa take. In mutum ya fara cewa ya gaji da duniya, ko yana rarraba kayansa, ko yana sallama ba tafiya, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa kowa tunanin da ba shi da shi; sau da yawa ita ce take sauke masa kaya. In ya ce i, kada a tsawata masa, kada kuma a bar shi shi kaɗai, a raka shi wurin likita a ranar. Manoma su kulle maganin ƙwari da na ciyawa nesa da ɗakin kwana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da magungunan gona mafi dafi, tsakanin 1995 da 2015 kuwa yawan masu kashe kansu a can ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100, domin sa'ar ƙuncin takan wuce in abin bai zo hannu ba. Wanda kuma ya gwada Allah ya tsame shi, majinyaci ne, ba abin kai wa 'yan sanda ba. Ƙasar Gana ta soke hukuncin da take yi wa irinsu a 2023.

Ku kuma iyalan da wannan abu ya faɗa wa, kada ku bar kujerarku a majami'a. Ba a gādon wannan mutuwa kamar la'ana, kuma bai halatta kowa ya ƙi auren 'yarku ko ya ƙi cin abincin gidanku saboda ita ba. Ku rubuta sunan naku tare da sauran, ku kawo. Za a ajiye shi a gaban bagade, a yi hadayar Misa dominsa dukan watan nan, ba kuwa wanda zai tambaye ku yadda ya mutu.