Dogon Turanci: Ilimi Ne Ko Taƙama?

Kwanakin baya, a wajen muhawarar 'yan aji shida, wani ɗalibina ya jefo kalmar "floccinaucinihilipilification". Nan take ɗaki ya kaure da tafi. Da aka tashi na tambayi masu tafin abin da ya ce, aka rasa mai amsawa. Kalmar mai haruffa 29 ce, ta ƙarni na 18, kuma ma'anarta ɗaya tak: ɗaukar abu ba a bakin komai ba. To, me aka tafa wa?

Ni dai a ganina, baƙuwar kalma ita ce mai sauƙi, don da an buɗe ƙamus an gama da ita. Wuyar tana ga ƙananan da muke rainawa. A bugu na biyu na babban ƙamusun Oxford, na 1989, kalmar "set" kaɗai tana da ma'ana 430 a matsayin aikatau. Ita kuwa "nice", da kowane ɗan firamare ya sani, daga Latin ta samo asali, daga kalmar da ke nufin jahili, kuma wajen shekarar 1300 wawa ake nufi da ita. Yau ga shi ta koma yabo. Mu ma haka "ci" take a wurinmu: a ci tuwo, a ci bashi, a ci jarrabawa, a ci amana. Wanda ya iya rarrabe waɗannan shi ya iya Hausa.

Wani zai ce ai neman sababbin kalmomi ba laifi ba ne. Haka ne, domin akwai inda baƙuwar kalma ce kaɗai ke riƙe ma'anar daidai, kamar a likitanci da shari'a. Amma magana amana ce tsakanin mai faɗa da mai ji. Idan ka zaɓi kalma alhali ka san mai saurarenka bai san ta ba, ga kuma mai sauƙi a kusa, ba ilimi ka ba shi ba, ƙanƙantar da shi ka yi. Sau da yawa ma rashin abin faɗa ake rufewa da ita. Ba banza Bahaushe ke kiran surutun da ba ya tsinana komai dogon Turanci ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa marubuci, kafin ka ajiye kalma a takarda, da Turanci ko da Hausa, tambayi kanka: don a gane na sa ta, ko don a ce na iya? Allah ya sa mu dace.