Fasali a kan Maigida da Dabarar Yaransa

Da sunan Allah muke farawa, gare Shi muke neman dacewa. Bayan haka, ya kai almajiri, ya kai ɗan kasuwa, ga mas'ala: yaron da ke tsaron rumfar ubansa ko ta maigidansa, idan ya hango hanyar ciniki wadda ta saɓa wa wadda aka gada, shin faɗinta rashin ladabi ne, ko kuwa ɓoye ta ne cin amana?

Ka sani, yaro shi ne a bakin rumfa. Shi ke jin ƙorafin mai saye, shi ya san hajar da ta shekara a jibge da wadda ke ƙarewa kafin azahar. Maigida ya fi shi daɗewa a duniya, shi kuwa ya fi maigida kusa da kasuwar yau. Amma abin da ya gani ba ya fita daga bakinsa sai gwargwadon fuskar da aka sakar masa.

Masu gida iri uku ne. Na farko shi ne wanda ya riƙe mabuɗi, ya riƙe lissafi, ya riƙe magana. Idan aka kawo masa shawara sai ya ce, yaushe aka haife ka? Yaransa suna koyon shiru. Mai basira daga cikinsu ya tara ɗan jari ya fice, marar basira ya zauna yana jiran umarni. Ranar da maigida ya kwanta dama, sai a tarar da magada waɗanda ba su taɓa yanke farashin ko da buhu ɗaya ba, a raba dukiya, a rufe rumfa.

Na biyu shi ne wanda ya saki linzami, ba ya tambaya, ba ya lissafi. A gidansa dabara da ɓarna ba su rarrabuwa, domin ba a auna kome ba.

Na uku shi ne wanda ke saurare, ya gwada da kaɗan, ya yi lissafi, sa'an nan ya hukunta. Irin madugun da ke tura jagaba gaba, kuma ya karɓi labarin da ya komo da shi, ko da ya saɓa wa abin da ya sani game da hanya.

Dubi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Ya tarar da fatake suna ɗauko goro daga Gwanja a kan jakuna, tafiyar watanni, sai ya shiga ɗora nasa a jirgin ruwa zuwa Ikko. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, Turawa auduga suke fata, amma gyaɗa ce ta yi kasuwa, shi da wasu fataken goro suka juya gare ta. Kuma sayen gyaɗa bai yiwu ba sai da yara waɗanda ake danƙa wa kuɗi su shiga ƙauyuka inda idon maigida ba ya kaiwa, su yi ciniki da hankalinsu. Ita ma gyaɗar ba ta dawwama ba: farin 1973 da cutar da ta auka mata a 1975 suka rushe dalarta. Haka kuma a farkon 2023, lokacin da aka canja takardun naira tsabar kuɗi ta yi wuya, rumfar da ta ci gaba da ciniki ita ce wadda aka yarda yaro ya karɓi kuɗi ta waya.

Idan ka ce: dukiyar nan ta gida ce, akwai haƙƙin mata da ƙanana a cikinta, ta yaya za a bar yaro ya yi gwaji da abin da ba nasa ba? Sai mu ce, maganarka tana da nauyi, kuma ba kowace sabuwar hanya ce alheri ba. Amma malaman fiƙihu sun riga sun share wannan fage a babin ƙirali: mai dukiya ya ba da jari, mai aiki ya juya shi, riba a raba bisa kason da aka yi sharaɗi, hasara kuwa ta faɗa kan jari matuƙar mai aiki bai ƙetare iyaka ba kuma bai yi sakaci ba. To, maigida ya ware abin da gida zai iya jure rashinsa, ya faɗi iyaka da wa'adi, ya bar yaro ya gwada. Wanda ya yi hasara da gaskiya daban, wanda ya yi ha'inci daban. Idan aka yi musu hukunci ɗaya, ba wanda zai sake gwada kome, ha'inci kuwa ba zai ragu ba, sai dai ya ƙara ɓuya.

Saura abu biyu. Idan dabara ta yi riba, a ambaci sunan mai ita a gaban 'yan'uwansa, a ba shi rabonsa, kada maigida ya ce tasa ce. Kuma kada a karɓi magana daga ɗan cikinka a ƙi irinta daga bara don shi ba jininka ba ne, domin kasuwa ba ta tambayar asali.

Kai kuma yaro, jawabin mas'alarka shi ne: ɓoye abin da ka san zai amfani gidan da ke ciyar da kai tauye amana ne. Faɗi, amma a keɓe, da ladabi, da lissafi a hannu. Idan an ƙi, kada ka aikata a ɓoye da dukiyar da ba taka ba; yi haƙuri, ka sake neman lokaci.

Allah Ya ba manya kunnen saurare, Ya ba yara harshen ladabi, Ya sa albarka a cikin nema. Tammat.