Gaɓar Gulbi, Haƙƙin Wane Ne?

Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi akwai wata fadama mai faɗin gaske wadda Gulbin Rima ke ratsawa, garin Zauro kuwa yana bakinta. Kowace shekara, wajen watan Agusta da Satumba, gulbin yakan cika ya tumbatsa, ya malale fadamar. Sa'ad da ya janye yakan bar laka mai ƙarfi a gonaki, da kifi a tafkuna, da ɗanyar ciyawa domin shanu. Da wannan ne manomin shinkafa da masunci da makiyayi suke ci. Amma ruwan nan ba ya tafiya hannu wofi. Yakan zaftare gaɓa, ya huda ganuwar da manoma suka tayar, ya cike magudanai da rairayi.

Gyaran wannan ɓarna ba shi da lokacin da ya fi na hunturu. A sa'an nan ruwa ya sauka, ana ganin kowace kafa da ya yi, ƙasa kuma da sauran damshi, tana haƙuwa, tana daɓuwa. In aka dasa jema a bakin gaɓa takan kama, saiwarta kuwa tana nitsewa ƙasa ƙwarai, ta riƙe ta kamar yadda zare ke riƙe tufa. In aka bari har bazara, lakar fadama takan bushe ta tsattsage, ta gagari fartanya. Wahalar ita ce, lokacin nan shi ne na sanyi mai shiga ƙashi, shi ne kuma lokacin da kowa ke hanzarin shirin noman rani. Wanda ya ba gaɓa kwana uku, daga gonarsa ya ɗebe su.

To, a nan ne tambaya take. A ɗauka ga manoma biyu. Gonar ɗaya tana jikin gaɓa, ta ɗayan kuwa tana can ciki, tafiyar rabin mil. Aka yi shelar gayya. Na can ciki ya ce ba za shi ba, gama shi bai ci gonar kowa ba, bai huda ganuwa ba, wanda ruwa ke cin gonarsa shi ya kamata ya tare. Shin mutumin nan ya yi laifi, ko kuwa ya ƙi yin alheri ne kurum, abin da ba a tilasta wa kowa?

Maganarsa tana da kama da gaskiya, amma ta ginu bisa zaton cewa ruwa ya san iyakar gona. Bai sani ba. Kafa guda in ta buɗe, ruwan ba ya tsayawa ya tambayi mai gonar farko, sai ya bi gangare har inda ƙasa ta fi kwari, sau da yawa kuwa gonakin ciki ne suka fi kwari. A ambaliyar shekarar 2020 shinkafa mai ɗimbin yawa ta nutse a Jihar Kebbi tun ba a yanke ta ba, ruwan bai bambanta na kusa da na nesa ba. Watau dai duk shekarar da na can ciki ya yi girbi lafiya, guminsa da gumin wani ne ya girbe. Wanda ke cin amfanin abu, ya kuwa san wani ne ke ɗauke da nauyinsa, in ya ƙi sa hannu ba alheri ya hana ba, bashi ya ƙi biya.

Kabawa sun daɗe da gane wannan a sha'anin kifi. A Argungu akwai wani yanki na gulbi da ake kira Matan Fada, inda ake yin babban su na bikin kamun kifi. Bikin ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Baƙo yakan ga dubban masunta da homa da gora sun auka ruwa gaba ɗaya, ya yi mamakin girman giwan ruwan da ake fitarwa. Abin da ba ya gani shi ne watannin da aka hana kowa jefa homa a wurin, Sarkin Ruwa yana tsaro. Kowane masunci da ya wuce ta nan da yunwa, ya kau da kai, ya ba da nasa kason. Da kowa zai ce kifi ɗaya da zai ɗauka da dare ba ya rage gulbi, da ranar su an fito da homa wofi.

Can a Turai ma akwai ƙasar Holan, wadda wani babban yanki nata ya fi teku kwari. Tun shekaru ɗari bakwai da suka wuce manomanta suka kafa majalisun ruwa, aka yanka wa kowane mai gona yankin ganuwar da zai riƙa gyarawa, dattawa suna zagawa suna dubawa, suna cin tarar malalaci. Duk da haka, a daren 31 ga Janairu 1953, cikin tsakiyar sanyinsu, teku ta fasa ganuwa, mutum fiye da 1,800 suka halaka. Bayan wannan ne gwamnatinsu ta gina manyan madatsai waɗanda suka fi ƙarfin gayyar ƙauye.

Wannan ya kawo ga hujja ta biyu ta mai ƙin fita, cewa aikin na gwamnati ne. Akwai gaskiya a ciki. Tun 1969 aka tsara kewaye fadamar Zauro da ganuwa irin ta Holan, don a yi ban ruwa a fili fiye da hekta 10,000, a 1982 kuma aka yi ɗan gwaji na hekta 100. Babban aikin ya yi shekaru yana jan ƙafa, manoma da yawa kuma suka yi ɗari-ɗari da shi, don tsoron rasa gonakinsu. Ba a ga laifinsu ba, tun da sun ji abin da ya sami manoman Bakolori a 1980, inda rikicin diyya ya kai ga asarar rayuka. Har wa yau, ba talakan Zauro ne ke buɗe madatsar Goronyo ko ya rufe ta ba. Lalle waɗannan nauyin hukuma ne, ya kuwa kamata a tambaye ta. Amma ramin da gafiya ta yi a ganuwa, wanda kwando goma na ƙasa zai toshe a watan Disamba, ba ya jiran takarda daga ofis. Kafin takardar ta zo ya zama kwazazzabo.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta matalauci. Ga mai eka ɗaya, wanda sai ya yi ƙodago yau iyalinsa za su ci gobe, ga kuma mai eka hamsin da injin ban ruwa. In aka ce kowane gida ya kawo mutum ɗaya, an yi daidai a baki, an yi zalunci a aikace, gama kwanan da matalauci ya bayar abincinsa ne, amfanin ganuwar kuwa kashi hamsin na mai dukiya ne. Gayya da yawa a nan suke mutuwa, sa'an nan a ce mutanen zamani ba su da zumunci. In haƙƙin yana bin amfani ne, to sai a auna shi da amfanin. Mai babbar gona ya kawo ma'aikata gwargwadon gonarsa, ko ya ciyar da masu aiki. Masunci ya bar koma mai ƙananan idanu, wadda ke kwashe 'ya'yan kifi. Makiyayi ya tsare shanunsa daga sabuwar jema, a kuma bar masa burtalinsa da mashayarsa a buɗe, don ba a neman kiyayewa daga wanda aka toshe wa hanya.

Akwai kuma mutanen ƙetare. Ganuwar da aka ɗaga a wannan gefe tana tura ruwa zuwa wancan, ƙauyen da ya tsira da aikinsa yana iya nutsar da maƙwabcinsa bai sani ba. Saboda haka kafin a sa fartanya, ya kamata dagatai da sarakunan noma na gefen biyu su taka gaɓar tare, su daidaita tsawon ganuwa da inda za a bar wa ruwa mafita, tun yana ƙasa ana iya ƙetarewa da ƙafa.