WA KE RIƘE DA MAKARANTAR ƘANWARKA?

 

Ya kai ɗan'uwa matashi, zaga G.R.A. ta Katsina da safe, ka ga yadda motoci ke sauke 'yan mata a ƙofar makarantun kuɗi, kowacce da hijabinta har ƙasa. Madalla. Amma ka sani, tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, doguwar katanga da maigadi sun daina tsare kowa. Hedimasta ya ƙwace waya a bakin ƙofa, la'asar na yi yarinya ta ɗauki ta babarta ta faɗa TikTok. To, me aka yi ke nan?

Wasu sun ce a cire su daga makaranta a huta. Wannan kuskure ne babba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba hana mata fita neman ilmi ta yi ba. Zaɓen dattijai mata ta yi, masu sani da kamun kai, ta naɗa su jajis, suka riƙa kai karatu ƙauyuka. Wato ta fara duba wanda za a damƙa wa amanar.

Kai fa? Ran da za a sa ƙanwarka makaranta, ka tambayi wa ke shugabanta? Yana salla tare da malamansa? Akwai malama mace wadda yarinya za ta gaya wa cewa wani ya turo mata hoton banza, ba tare da an tona mata asiri a gaban asambuli ba? Ko kuwa fenti da janareta kawai kuka duba?

Sannan, ɗan'uwa, kada mu yaudari juna. Saƙon da ke shiga wayar yarinyar nan ƙarfe 12 na dare ba aljani ke turo shi ba. Saurayi ne irinka, wata ƙila ma sahu ɗaya kuka yi Isha'i. In kuwa malami ne kai, kada ka karɓi lambar ɗalibarka; abin da ya shafi karatu ka tura wa uwayenta.