Ƙafa Huɗu, Haƙƙi Nawa?

Da yayana ya tashi sayen motar iyali, gidanmu na Kankiya ya rabu biyu. Wasu suka ce ya sayi jif irin Toyota Highlander, wadda injinta ke juya ƙafafu huɗu gaba ɗaya. Wasu suka ce doguwar Golf ta wadatar. Baba, wanda ya yi zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna tun 1975, tambaya ɗaya ya yi masa: "Don hanya za ka saya, ko don idon mutane?"

Hujjar masu son jif ba ta wasa ba ce. Titin Katsina zuwa Kano da ya ratsa Kankiya kwalta ne, amma danginmu suna wani ƙauye a ƙasar Kusada, inda a watan Agusta laka ke riƙe ƙaramar mota har gari ya waye. Mai naƙudar da ke jiran a kai ta asibiti ba ta da wannan lokacin. A nan ƙarfin mota rai yake ceta, kuma zunubi ne a kira shi almubazzaranci.

Sai dai masu Golf ma suna da gaskiya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Babbar mota babban ciki gare ta. Duk litar da ta sha fiye da ƙarama, daga kuɗin makarantar yara ko buhun masara aka yanko ta. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na daɗe ina zaton a nan maganar ta tsaya: a auna buƙata da aljihu. Daga baya na gane cewa akwai abu na uku da ba a rubuta shi a takardar ciniki. Motar da za ta iya ƙetare rafi da tsakar dare tana ɗora wa mai ita nauyin da marar mota ba ya ɗauke da shi. Ranar da maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba za ka iya cewa hanya ba ta biyuwa ba, domin kuɗinka ne ya kashe maka wannan uzurin. Akwai kuma haɗari mafi ɓoyuwa: wanda ramin hanya ya daina girgiza shi, da wuya ya ci gaba da neman a gyara ta. Ya tsira shi kaɗai, ya bar mai babur da mai amalanke a cikin taɓo.

Don haka ban ga laifi ga jif ba, ban kuma ga tsarki ga ƙaramar mota ba. Abin da na fahimta shi ne, mutum ya sayi ƙarfin da zai iya ciyarwa ba tare da tauye iyalinsa ba, wanda kuma zai yarda jama'a su mora.

Yayana ya sayi jif ɗin. Da ya kawo ta gida, Baba bai duba fenti ko kujeru ba. Cewa ya yi: "To, daga yau kada ka ƙara kashe wayarka da dare."